Yadda zaka gano matsalar birki da sitiyari a sabuwar ƙaramar mota kafin ka koma wajen dila

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Koke-koken da masu sabbin ƙananan motoci ke yi kusan iri ɗaya ne a ko'ina, mota sabuwa dal ko ledar kujera ba a gama cirewa ba amma birki na ƙara, ko ka taka kaji feda na rawa a ƙafarka, ko motar na jan gefe ɗaya, ko in ka hau babban titi sitiyari yayi sakayau har babbar mota in ta wuce ka kaji iska na neman ture ka. Mutum ya koma wajen dila a ce masa ai haka suke, ya dawo gida hankalinsa bai kwanta ba. Toh gaskiya wasu abubuwan haka suke ɗin, wasu kuma matsala ce ta gaske wadda zata iya cin rai, kuma kai mai motar zaka iya rarrabe mafi yawansu da kanka in ka bi abin daki-daki. Abin da nake so ka samu a nan shi ne ka daina cewa motar tana min wani iri, ka koma cewa tana yin kaza a gudu kaza in nayi kaza, don irin wannan maganar ce makanike ke iya aiki da ita kuma ita ce dila baya iya kaucewa.

Kafin komai akwai alamomin da in ka gansu babu maganar gwaji, ajiye motar kawai ka kira dila su turo motar da zata ja ta. Feda ta tafi har ƙasa motar bata tsaya ba. Jar fitilar birki ta kama a dashbod alhali birkin hannu a sake yake, musamman in ta kama tare da ruwan ɗorawar nan ta ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in ka taka birki. Mai na ɗiga ta bayan taya. Sitiyari yayi nauyi farat ɗaya kana cikin tafiya. Ko taya ɗaya na hayaƙi da warin ƙuna. Kar ka ce bari in lallaɓa in kai ta da kaina, don Allah kar kayi. In kuma Allah ya kiyaye birki ya tsinke maka kana tafe, ka saki totur, ka ringa danna fedar da sauri-sauri ko zata tara ƙarfi, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ja birkin hannu a hankali ba fizga ba, in na maɓalli ne ka ja shi ka riƙe don a yawancin motoci haka zai rage gudun. Kar ka kashe inji sai ka tsaya, in ka kashe taimakon da birki da sitiyari ke samu zai tafi.

Mataki na farko, rubutu. Buɗe wayarka ka rubuta kwanan wata da kilomitar da motar ke kai, da gudun da kake lokacin da abin ya faru, da safe ne motar na sanyi ko bayan doguwar tafiya, titin a bushe yake ko a jiƙe, sumul ne ko gargada, kai kaɗai ne ko da mutane da kaya, kana taka birki ne ko totur ko kuwa ba ka taka komai, wace fitila ta kama. In da wani a gefenka ya ɗauki bidiyo da sauti, ba kai ba kana tuƙi. Haka zaka yi duk lokacin da abin ya sake faruwa.

Mataki na biyu taya, kuma a nan zan daɗe don wallahi kaso mai yawa na kukan da ake yi da sitiyarin sabuwar mota a nan yake ƙarewa. Kamfanoni kan cika wa taya iska fiye da ƙima kafin a loda mota a jirgi ko tirela, sau da yawa sama da psi 40 (psi ma'aunin iskar taya ne), don kar tayar ta lotsa in motar ta daɗe a ajiye, kuma aikin dila ne ya rage iskar kafin ya miƙa maka makulli amma ana mantawa. Ƙaramar mota mara nauyi da iska haka zaka ji tana tsalle a kan kowane ɗan rami, sitiyari yayi sauƙi da yawa, tana yawo a layi, birki ma baya kamawa yadda ya kamata saboda ɓangaren tayar da ke taɓa ƙasa ya ragu. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai sitika da aka rubuta iskar gaba da ta baya, wasu motocin a murfin tankin mai take, yawancin ƙananan motoci tsakanin psi 30 zuwa 35 suke. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da tayar zata iya ɗauka ce, kar ka bi ta. Ka auna da safe kafin ka tuƙa, don taya in tayi zafi gejin zai nuna sama da gaskiya, kuma ka sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota. Duka huɗun zaka auna, bambancin psi 4 ko 5 tsakanin hagu da dama a gaba kaɗai ya isa ya sa mota jan gefe. In motarka na da fitilar iskar taya, wasu sai ka sake saita ta bayan ka gyara iskar, littafin motar zai nuna maka yadda ake yi.

Tunda ka durƙusa, duba ko tayoyin huɗu girmansu ɗaya ne kuma kamfani ɗaya, duba ko akwai kumburi a gefe, in tayar na da kibiya da ke nuna inda zata juya ka tabbatar ba a ɗaura ta a baibai ba. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2324 na nufin mako na 23 a 2024, da wannan zaka gane ko motar ta daɗe a ajiye kafin ta zo hannunka. Motar da ta yi watanni a tsaye tayarta kan ɗan baje ta ƙasa, sai kaji jijjiga a farkon tafiya, yawanci tana washewa in tayar tayi zafi, in bata washe ba bayan 'yan kwanaki ka saka a rubutunka. Sabuwar taya ma tana da ɗan santsi a 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, shi yasa ba a son shan kwana da gudu a lokacin.

Mataki na uku, juya sitiyari har ƙarshe ka haska da fitilar waya ta bayan tayar gaba ka kalli sifirin. Wasu kamfanonin suna cusa wasu robobi masu tauri a sifirin ko a sandar shok don motar kar ta ringa lilo a kan tirela, ana so a cire su kafin a ba ka motar, in an bar su motar zata yi tauri sosai tana buga ƙasa kuma gabanta ya ɗan ɗaga. In ka gansu ka ɗauki hoto ka bar su a wurin dila ya cire da hannunsa. Duba jikin shok ko ya jiƙe da mai. Sannan ka shiga ciki ka kalli kafet ɗin ƙafar direba, an maƙala shi a ƙugiyarsa ko yana zamewa ƙarƙashin feda, in ka ɗora wani a kan na kamfani cire shi yanzu, haka ma gorar ruwa da ke gangarawa a ƙasa.

Mataki na huɗu gwajin birki mota na tsaye, minti biyar ya isa. Buɗe bonet ka duba robar man birki, man ya kasance tsakanin MIN da MAX. A sabuwar mota bai kamata ya sauka ba, in ya sauka kar ka ƙara ka manta, akwai inda yake zuba. A murfin an rubuta irin man, yawanci DOT 3 ko DOT 4, kuma kar ka yarda a zuba maka DOT 5 don shi daban ne baya haɗuwa da su. Yanzu shiga ka zauna inji a kashe, danna feda sau biyar ko shida har kaji tayi tauri, riƙe ta a danne ka tada inji, ya kamata kaji ta ɗan sauka ƙasa kaɗan, wannan ke nuna busta na aiki, wato abin da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi. In bata motsa ba ta ci gaba da tauri, akwai matsala a busta ko tiyonta. Bayan haka inji na aiki ka danna da matsakaicin ƙarfi ka riƙe kamar daƙiƙa 30, in tana sulalewa ƙasa a hankali a hankali toh masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ita ce ke yoyo ta ciki ko mai na fita wani wuri, wannan motar ba ta hawa titi. In kuma kaji feda laushi kamar soso amma in ka danna sau biyu sai tayi ƙarfi, iska ce a layin mai, sai an yi bilidin, wato a fitar da iskar. Motoci masu haɗin lantarki da fetur da wasu sabbi birkinsu na lantarki ne, gwajin busta ba zai fito daidai a kansu ba, amma sauran duka suna aiki.

Mataki na biyar gwaji a titi. Nemi miƙaƙƙen wuri shimfiɗaɗɗe wanda babu mutane babu ababen hawa, bel a ɗaure, ka cire duk wani kaya da zai iya tashi ya buge ka, ka duba madubi kafin kowane taki. Fara da kilomita 30 a awa, taka a hankali hannu a sassauce a kan sitiyari kaji ko tana karkata. Ƙara zuwa 50 ka taka da ɗan ƙarfi. Sannan sau ɗaya ko biyu ka taka da iya ƙarfinka daga 40 ko 50 don ka san yadda ABS ke yi, zaka ji feda na bugun ƙafarka da ƙara gurr-gurr, wannan ba lalacewa ba ce, na'urar ce ke saki tana kamawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya don kar taya ta kulle ka rasa sitiyari. Mutane da yawa a karo na farko suna jin haka su tsorata su ɗaga ƙafa, wanda shi ne babban haɗarin, in ta fara ka ƙara dannewa ka juya inda kake so. Gara ka fara jin ta a fili babu kowa da ka fara jin ta ranar da yaro ya gifta maka. Akwai kuma ɗan ƙara guda ɗaya da zaka ji in ka tada mota ka fara tafiya, ABS ce ke gwada kanta, ba komai. Amma wannan taki mai ƙarfi ka bari sai motar ta wuce kilomita 300, littattafan motoci da yawa suna cewa a guji birki mai tsanani a wannan tsakanin don fad da faifan da yake matsewa in ka taka birki su zauna da juna, kuma shi yasa birkin sabuwar mota kan yi kamar baya ci sosai a makon farko.

Yanzu fassarar abin da kaji. Ƙarar gurza da safe ko bayan ruwan sama ko wanki wadda ke ɓacewa bayan taki uku ko huɗu, tsatsa ce siririya a fuskar faifai, ƙarfe ne tsirara dole yayi. Ɗan ƙiii a gudu kaɗan musamman da sanyi, yawanci irin fad ɗin ne ko ƙura a duram ɗin baya, don ƙananan motoci da yawa duram ne a bayansu ba faifai ba, yana da ban haushi amma ba haɗari ba ne, duk da haka ka faɗa musu su rubuta. Ƙarar ƙarfe da ƙarfe wadda bata tsayawa, wani lokacin tsakuwa ce ta maƙale tsakanin faifai da farantin bayansa, wani lokacin kuma fad ne ba a zaunar da shi daidai ba, a duba. Jijjiga a sitiyari ko feda da ke zuwa kawai in ka taka birki a hankali daga gudu mai yawa, ba irin bugun ABS ba, wannan faifai ne kaurinsa bai zama ɗaya ba, kuma a sabuwar mota abu biyu ke yawan jawo shi, tsatsar da ta ci ta bar tabon fad saboda daɗewa a ajiye, ko kuma an ɗaure notin taya da bindigar iska wani yafi wani ƙarfi. Ka ce a ɗaure su da sifana mai awo gwargwadon lambar da ke littafi. Wannan garanti ya kamata ya ɗauka in ka kai da wuri, in ka bari kilomita ta taru sai a ce maka ai kayan da ke cinyewa da amfani ne. Jijjigar da ke zuwa tsakanin 80 zuwa 110 ko ba ka taka birki ba kuwa balansin taya ne, gyara ne mai sauƙi.

In motar na karkata kawai lokacin da ka taka birki, gefe ɗaya ne yafi ci. Bayan tafiyar minti goma wadda ba ka yawan taka birki ba, tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim ba tare da ka taɓa ba, in ɗaya yafi ɗan'uwansa na ɗaya gefen zafi sosai toh abin da ke matse fad ɗin ne ya maƙale baya saki. Kar ka taɓa faifan, zai ƙona ka.

Akwai wani abu da masu mota ke yawan faɗa, wai in suna taka birki a hankali suka hau ɗan rami ko gargada sai suji kamar birkin ya saki na ƙiftawar ido. Taya ce ta ɗan tashi daga ƙasa ABS ta ɗauka santsi ne ta sassauta, kuma a mota mara nauyi abin yafi fitowa. Kaɗan daga ciki al'ada ne, amma kar kowa ya ce maka ba a taɓa samun matsala a nan ba, a watan Fabrairun 2010 Toyota ta kira motoci sama da 400,000 a duniya, wato ta ce a dawo da su a gyara, yawancinsu Prius saboda irin wannan koken na masu mota, gyaran kuma sabunta manhajar ABS ne. Don haka in naka yana yawa ka tambaya ko akwai sabuwar manhaja.

Birkin da ke yin rauni a doguwar gangara kuma zafi ne, ƙaramar mota birkinta ƙarami ne, in ka cika ta da mutane da kaya ka ɗora ƙafa a feda tun daga sama har ƙasa zai gaji. Sa ƙaramar giya inji ya riƙe maka, ka ringa taki kana saki. Ka tuna kuma in ka ninka gudu sau biyu nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake zama.

Mataki na shida jan gefe da yawo. Tituna da yawa an ɗan karkata su don ruwa ya gangara, saboda haka kowace mota zata ɗan bi gangaren, gwada a wuri ɗaya ka je ka dawo a kan layin nan dai in babu haɗari, ko a babban fili, in tana jan gefe ɗaya a duka biyun toh motar ce. Iska daidai take amma har yanzu tana ja, ka sa a musanya tayoyin gaba na hagu ya koma dama in ba masu kibiya ba ne, in jan ya koma ɗaya gefen ko ya ɓace tayar ce ke da aibi daga kamfani, in bai canza ba sai alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai. Sabuwar mota na iya zuwa da alaimen a karkace, ɗaurin da ake mata a tirela ko faɗawa rami ɗaya mai kyau ya isa. In za a yi ka nemi takardar da injin ya buga, ta kafin da ta bayan gyara, da ƙafafu huɗu ba gaba kaɗai ba, don yawancin ƙananan motoci bayansu sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin biyu wadda ba a saita ta, in ita ce a karkace canza ta ake yi kuma wannan maganar garanti ce. Bayan alaimen ka tabbatar sitiyari na tsaye daidai in kana tafiya miƙe, kuma an sake saita sensar sitiyarin in motar na buƙata. Ɗan fizgar da kake ji in ka taka totur da ƙarfi daga tsaye, halin mota mai ja da gaba ne.

Sauƙin sitiyari kuwa, kusan duk ƙananan motocin yanzu na lantarki ne, babu mai babu famfo, an yi shi ya zama sakayau a wurin fakin ya ƙara nauyi in gudu ya ƙaru, wanda ya saba da tsohuwar mota zai ji baƙon abu. Abin da ba daidai ba shi ne ya ringa maƙalewa a tsakiya sai ka ɗan fizge shi, ko ya ƙi dawowa da kansa bayan kwana, ko nauyinsa ya ringa canzawa haka kawai, ko fitila mai hoton sitiyari ta kama. Batir mai rauni na iya jawo wasu daga ciki, kuma motar da ta daɗe a ajiye batirinta kan yi sanyi, a gwada shi. A 2010 kamfanin GM ya kira ƙananan motoci kusan miliyan 1.3, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda injin lantarkin sitiyarin na ɗaukewa, bayan hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a Amurka ta tara koke sama da 1,000 daga masu motocin.

Maganar iska da lilo a kwana, ƙaramar mota gajera ce, ba nauyi, wasu kuma dogaye ne sama ga siraran tayoyi da aka zaɓa don tsimin mai, dole iska ta fi taɓa ta, maganinsa rage gudu da riƙe sitiyari da hannu biyu, da sa kaya masu nauyi a ƙasan but ba a kan rufi ba, da ƙara iskar baya zuwa lambar cikakken lodi da ke sitikar nan in ka cika ta. Duba kuma ko motarka na da ESC ko ESP, na'urar da ke taka wa taya ɗaya birki da kanta in mota ta fara zamewa. A 1997 sabuwar Mercedes A-Class ta kife a gwajin kauce wa abu farat ɗaya da wata mujalla tayi a Suwidin, kamfanin ya dakatar da sayarwa ya gyara ƙafafun ya sa ESP a dukansu, yau kuma dole ce a sabbin motoci a Amurka tun ƙirar 2012 da Tarayyar Turai tun Nuwamban 2014, amma a wasu kasuwannin har yanzu ana sayar da ƙananan motoci babu ita, gara ka san taka. Fitilarta in tana ƙiftawa aiki take, in ta kama ta zauna a kashe take ko ta samu matsala.

Mataki na bakwai gajere ne. In sitiyari na ɗan ture hannunka kusa da layin titi, ko mota ta taka birki da kanta babu komai a gabanka, na'urorin taimako ne. Goge gilashin gaba wajen kyamara da bamba inda rada take, cire duk sitika ko ado da ka manna a wurin. Ta layi zaka iya kashe ta na ɗan lokaci kaga ko jan ya daina. Ta birkin gaggawa kuwa ban ba ka shawarar ka kashe ka manta ba, rubuta wuri da lokacin da tayi ka kai musu, don mota ta tsaya haka kawai a tsakiyar titi haɗari ne ga na bayanka.

Mataki na takwas, nemo lambar VIN, haruffa da lambobi 17 ne a ƙasan gilashin gaba ko a takardun motar, ka saka a shafin kamfanin na kiran motoci ko na hukumar ƙasar da aka yi motar dominta. Gyaran kira kyauta ne. Sabuwar mota ma ana kiranta, a farkon 2015 mujallun Autocar da What Car? na Birtaniya sun taka wa sabuwar Suzuki Celerio birkin gaggawa daga mil 80 a awa feda ta tafi ƙasa babu birki, ashe wani ƙarfe ne da aka yi don ya janye fedar lokacin haɗari yake saki kafin lokacinsa, kamfanin ya tsayar da sayarwa ya gyara. Bayan kira akwai kuma sanarwar gyara da kamfanoni ke aika wa dilolinsu a kan matsalolin da aka sani, ba a aiko maka da ita gida, sai ka tambaya.

Mataki na ƙarshe zuwa wajen dila. Kar ka bari wani gareji na waje ya kwance birki ko sitiyari ko ya goge lambobin matsala daga kwamfutar motar kafin su gani, kar ka cire kan batir ma, don zaka ba su hujjar zamewa daga garanti kuma shaidar ta tafi. Je da rubutunka da bidiyo da hotuna. Ka ce makaniken da zai yi aikin ya shiga ku fita tare, kai ka tuƙa ka nuna masa a irin titi da gudun da abin ke faruwa, in da safe yake yi ka bar musu motar ta kwana. Ka tabbatar an rubuta kokenka a takardar aiki da kalmominka da kwanan wata da kilomita, ka karɓi kwafi ko da sun rubuta ba mu ga komai ba, wannan takardar ce zata nuna tun yaushe ka fara kai ƙara in abin ya girma bayan garanti ya ƙare. In aka ce maka haka suke, cikin ladabi ka ce toh a ba ni irinta in gwada a wuri ɗaya, in ɗayar ma haka take ka samu natsuwa ko kuma ka gane matsalar ta ƙirar ce gaba ɗaya, in ba haka take ba magana ta ƙare sai gyara. In kun yi sau biyu ko uku babu canji, rubuta wa ofishin kamfanin kai tsaye ka haɗa kwafin takardun ka nemi lambar ƙorafi, ka gwada wani dilan na kamfanin in akwai, sannan ka kai rahoto hukumar da ke kula da lafiyar motoci ko haƙƙin masu saye a inda kake, ka saka VIN da ƙirar motar da shekararta da kilomita da bayanin da ka rubuta tun mataki na farko.